Rana Ta Faɗi, A Bari Sai Da Safe

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa lokacin da Auta ya ja ƙofar shagonsa na gyaran kwamfuta, ya nufi layin masu tsofaffin kaya. Abu ɗaya ya fito nema, na'urar karanta faifai irin ta da, mai siririn baki, wadda ake tura wa ɗan faifan roba mai kusurwa huɗu ta haɗiye shi da ƙara. Mako uku yana cigiyarta. Duk wanda ya tambaya sai ya kalle shi ya bushe da dariya, sai a ranar nan wani tsoho da ke ƙarshen layin ya aiko masa cewa an samu.

Rumfar tsohon warin tsatsa take yi da na ƙonanniyar waya. Ya tura hannu ƙarƙashin tarin matattun rediyoyi ya zaro ta, ya hure ta, ya goge a gefen rigarsa.

"Ga gawar taka," in ji shi. "Kai kuma duniya na yin gaba kana komawa baya? Me za ka yi da ita, ɗana?"

"Wasa zan kunna, Baba."

"Wasa? Da gemunka?"

Auta ya yi dariyar yaƙe, ya sallame shi, ya cusa na'urar a jaka. Bai tsaya yin bayani ba, don bayanin yana da nauyi a bakinsa.

Su biyu Inna ta haifa. Na farin, wanda take kira Babba, shi kuma Auta yake ce masa Yaya, ya ba shi shekara goma sha biyu. Yaya aikin buga takardu yake yi a wani ofishi, a zamanin da ake zuwa kallon kwamfuta kamar abin mamaki. In an tashi daga aiki kowa ya watse, shi sai ya zauna shi kaɗai a ɗakin ajiya na can ƙurya, ɗakin da ko taga babu, yana ƙwanƙwasa maɓallai. Shekara biyu yana haka, har ya haɗa wasan kwamfuta nasa na kansa a kan faifai uku. Da ofishin ya yar da wata tsohuwar kwamfuta, ya ɗauko ta a ka ya kawo gida. Wata safiya ya zaunar da Inna a gabanta ya kunna, sai na'urar ta gaishe ta da muryarsa. Inna ta zabura har ɗankwalinta ya faɗi, shi kuwa yana ta dariya.

Wata huɗu bayan nan zazzaɓin kwana uku ya ɗauke shi. Shekara ashirin da shida ke nan. Bai bar kaset ba, bai bar komai ba, sai hotuna biyu da muryar nan da ke kwance cikin faifan.

Yanzu ga Inna ta tsufa, zuciyarta ta gaji. Gobe za a yi mata aiki, tun kafin gari ya waye ake son ganinta a asibiti. Likita ya ja Auta gefe ya gaya masa gaskiya, cewa a shekarunta ana iya tashi, ana iya rashin tashi. Ita kuma tun da aka sa ranar, magana ɗaya take maimaitawa.

"Auta, na manta muryar yayanka. Fuskar tana nan a idona, muryar ce ta ɓace min."

Shi kuwa ya ɗauki alkawari za ta ji ta kafin ta shiga ɗakin aikin. Abin da ke gabansa ke nan, kuma yammacin nan ne kawai ya rage masa.

Ya hau benen gidan hayarsu ana kiran magariba. Matarsa ma'aikaciyar jinya ce, tana aikin yamma, don haka daga shi sai Inna a gidan. Ya yi salla a gurguje, ya gyara mata matashi a doguwar kujera, ya jawo kujerarsa gaban teburin falo. Tsohuwar kwamfutar Yaya tana nan tun makon jiya, cikinta a buɗe. Farin akwati ne da tsufa ya mai da shi ruwan ƙasa, da ƙaton gilashi mai ƙeya irin na tsohuwar talabijin. Ya riga ya share mata ƙura, ya canza fanka, ya sa mata sabon batirin agogo, ɗan mitsitsi kamar maɓallin riga. Har lokaci ya saita mata daidai da na wayarsa, don shi mutum ne mai son aiki tsaf.

Ya ɗaure na'urar da ya sayo da sukudireba, ya jona mata wayoyi, ya kunna. Fanka ta ɗauka. Warin ƙura mai zafi ya tashi. Ya tura faifai na ɗaya, na'urar ta kama gurnani, ƙurr, ƙat, ƙurr, ƙat, har ta kwashe abin da ke ciki. Na biyu ne ya yi gardama. Sau biyu yana maƙalewa a tsakiya. Auta ya zaro shi, ya bubbuga a tafin hannu, ya juya ƙarfen tsakiyarsa da ɗan yatsa, ya mayar yana cewa, "Haba ɗan albarka, yi haƙuri mana." A karo na uku ya wuce. Faifai na uku bai ba shi wahala ba ko kaɗan.

Sai kuma kwamfutar ta ce ba ta da wurin ɗaukar wasan a ƙwaƙwalwarta. Ya bi ya cire tarkacen da take lodawa in ta tashi. Ta nemi lambobin katin sauti, ya gwada biyu, na uku ya yi daidai, 'yar sifikar ta yi tari. Da ya duba jerin abubuwan da aka kwafo, sai ya ga ɗaya an sa masa suna INNA. Ɗan ƙarami ne ƙwarai. Da ido ya auna shi, ya san ko an matsa bai wuce maganar daƙiƙa huɗu ba. Ya gwada buɗe shi shi kaɗai, ba tare da wasan ba, sai shuu kawai ya ji, Yaya ya ƙulle shi ta hanyar da wasan ne kaɗai ya san kanta.

"To Inna, gyara zama," in ji shi, yana murza hannu.

Ya rubuta sunan wasan, Ƙofofi, ya danna maɓallin Enta. Gilashin ya yi baƙi. Can sai rubutu kore ya fito, layi ɗaya tal.

RANA TA FAƊI. A BARI SAI DA SAFE.

Ya sake gwadawa. Layin ya sake fitowa. Ya kashe ya kunna, bai canza ba. Ya karanta wa Inna, ta daina jan carbinta.

"Haka yake," ta ce a hankali. "Shi ma bai taɓa kunna shi da yamma ba. Yakan ce abokan aikinsa ne suka zana ɗakunan, shi ƙofofi kawai ya sa musu, da makulli."

"Waɗanne abokan aiki kuma? Shi kaɗai fa yake zama a ofishin nan."

"Abin da na ce masa ke nan. Sai ya kau da zancen."

Auta ya yi dariya. "Inna, saboda ni ya sa wannan. Kin manta yadda nake laɓaɓowa in taɓa masa kaya in ya fita? Wayon Yaya ne, don kada in hana kaina barci."

"Bar shi, Auta. Sai mun dawo."

Ya kalle ta. Ya kalli ƙafafunta da suka kumbura, ya kalli jakar asibitin da aka riga aka haɗa aka jingine a bakin ƙofa. Sai mun dawo. Tausayi ya kama shi, da haushin kansa na shekarun da ya yi faifan nan suna cikin akwati bai taɓa waiwayarsu ba.

Masu gyara kuwa, Allah Ya shirye su, ba sa yarda na'ura ta ce musu a'a. Wannan matsalar ma ai ba matsala ba ce a wurinsu. Kullum sai an kawo masa kwamfutar da wata manhaja ta ƙi tashi don lokacinta ya ƙare, shi kuma ya shiga agogon na'urar ya mayar da shi baya, shi ke nan, aiki ya ci gaba. Wasan ba shi da ido, ba ya leƙa taga. Abin da agogo ya gaya masa, shi ya sani. Hannunsa ma ya riga tunaninsa. Ya kira agogon kwamfutar a gilashi, ya goge bakwai saura, ya rubuta sha biyun rana, ya danna.

Ya sake rubuta sunan wasan.

Wannan karon 'yar sifikar ta saki wani kiɗa siriri, tin-tin-tin, irin na wasannin da. Hoto ya fito, dogon lungu da aka zana da ƙananan murabba'ai, ƙofofi huɗu, da wani ɗan farin mutum a tsaye a tsakiya. Kiɗan ya tsaya. Aka yi ɗan ƙarar ƙasa-ƙasa, sannan murya ta fito, a shaƙe, kamar daga cikin gwangwani.

"Inna, sannu da gida. Kin ga abin da na yi?"

Carbin ya faɗi daga hannunta.

"Shi ne," ta ce. "Wallahi shi ne. Babba na." Hawaye suka zubo mata, tana dariya tana kuka, tana dafe ƙirji. Auta ma ya kau da kai ya goge ido da hannun riga. Bai taɓa jin daɗin wani aiki a rayuwarsa kamar wannan ba. Alkawari ya cika. Da a nan ya miƙa hannu ya kashe, da ba ni da labarin da zan ba ku.

"Sake min," in ji Inna. "Sau ɗaya kawai."

Ya nemi maɓallin maimaitawa, babu. Ya ce wataƙila gaisuwar tana sake fitowa a gaba. Ya danna kibiya, ɗan farin mutumin ya taka zuwa ƙofar farko. Ya danna Enta. Ƙofar ta buɗe a gilashi.

A bayansa, ƙofar kicin ta yi ƙiii.

Ya waiwaya. A buɗe take, ga duhun kicin ɗin. Ya ce iska ce. Ya juyo ga gilashin, sai a lokacin ya kalli zanen da kyau. Ƙofa ta farko a hagu. Ta biyu a kusa da ita, 'yar siririya. Ta uku a dama. Ta huɗu a can ƙarshe, babba, da wani ɗan baƙin abu jingine a gefenta.

Kicin. Banɗaki. Ɗakin kwana. Ƙofar fita, da jakar asibiti.

Gidan nan shekara biyar ke nan da suka kama shi. Ko harsashinsa ba a haƙa ba lokacin da aka binne Yaya.

Ya janye hannunsa daga maɓallan. Ɗan farin mutumin bai tsaya ba. Ya juya da kansa, ya taka zuwa ƙofa ta biyu.

Ƙofar banɗaki ta buɗe. Famfo ya fara ɗiga. Wani wari ya shigo falon, warin jiƙaƙƙiyar ƙasa da toka mai sanyi, irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba.

"Auta," Inna ta ce ƙasa-ƙasa, "wa ya kunna fitila a waje?"

Labulen taga ya yi haske. Ba hasken fitilar titi ba ne. Fari ne fat, daga sama yake saukowa. Auta ya tashi, ya ɗaga gefen labulen da yatsa ɗaya. Rana ce a tsakiyar sama. Titin nan nasu ne, ga shagon tela, ga mai faci, ga kwata. Amma babu mutum ko ɗaya. Babu mota, babu kare, babu inuwa a ƙarƙashin komai. Hasken ya taɓa masa yatsa, ya ji shi da sanyi kamar ruwan randa.

Ya saki labulen. Ya zaro wayarsa. Sha biyu daidai. Ya ɗaga kai ga agogon bango. Hannayensa biyu sun haɗu a sama, sun tsaya.

Ƙofar ɗakin kwana ta buɗe.

Yanzu yana jin taku. Ba na mutum ɗaya ba. Tafin ƙafafu ne marasa takalmi, masu yawa, suna manne wa siminti suna ɗagowa, a kicin, a banɗaki, a ɗakin da yake kwana da matarsa. Ba sa sauri. Ba sa shigowa falon. Zagaye suke yi.

'Yar sifikar ta yi tari.

"Inna," in ji muryar. Wannan karon babu shaƙewa, tas take fita. "Na ji gobe za su tsaga miki ƙirji."

Gashin jikin Auta ya miƙe. Daƙiƙa huɗu ne a faifan. Shi da idonsa ya gani. Waɗannan kalmomin ba sa cikin kowane faifai.

"Kada ki je musu. Zo nan wurina. Nan babu ciwo."

"Babba?" Inna ta ce.

"Kada ki amsa!" Ya so ya yi ihu, amma raɗa ce ta fito. Ya fizge wayar sifikar, ta tsinke a hannunsa. Ya fara neman tsari, kalmomin suna fita a karye.

Shiru.

Sai aka ƙwanƙwasa ƙofar fita. Sau uku, a hankali, cikin ladabi.

"Inna, sannu da gida," aka ce daga waje. "Buɗe min mana."

Farin hasken yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofar. A cikinsa akwai ƙafafu a tsaye. Auta ya fara ƙirgawa, ya kai tara, ya daina.

Inna ta miƙe. Matar da sai an kama ta take tashi, ta miƙe tsaye cak, ba ta dafa komai ba. Ta ɗaga ƙafa ta nufi ƙofa. Ya yi tsalle ya cafke wuyan hannunta. Ta ja shi. Shi da ƙarfinsa, da ƙuruciyarsa, sai ga shi tafin ƙafarsa na zamewa a kan leda.

Ya miƙa ƙafa ya shure filogin daga bango. Fanka ta mutu. Gilashin bai mutu ba. A cikinsa yanzu mutum biyu ne, ɗan farin nan a bayan ƙofa ta huɗu, da wata 'yar ranƙwafaffiya tana takawa zuwa gare shi.

A nan ne abin ya faɗo masa. Makullin da Inna ta ce. Yaya bai iya korar abokan aikin nan nasa ba, sai ya rufe su da abu ɗaya da ya iya, ya hana wasan tashi a lokacin da suke da ƙarfi. Agogon ne makullin. Shi kuma da hannunsa ya yi masa ƙarya.

Mafita ɗaya ce, ya gaya wa agogon gaskiya. In wasan ya ji dare ne, zai rufe kansa.

Amma kafin ya isa ga agogon sai ya katse wasan, kuma katse shi sai da maɓallai biyu a tare, ɗaya a wannan ƙarshen, ɗaya a wancan. Ya miƙa hannun hagu. Ya ware yatsu iya warewa. Ko rabi bai kai ba. Inna tana jansa, teburin yana nisa da shi.

Ta juyo da kai. Idanunta nata ne, cike da tsoro.

"Auta," ta ce cikin raɗa, "ba ni ke tafiya ba. Ƙafafun ne. Wannan ba yayanka ba ne."

"Na sani, Inna."

"Riƙe ni. Don Allah kada ka sake ni."

Taku biyar ya rage mata. Ya kalli ƙofar. Ya kalli teburin. In ya riƙe ta, tare za su isa can, kuma ba shi da ƙarfin hana ta zare sakata. Babu lokacin yi mata bayani. Yatsunta sun nutse a fatarsa.

Ya ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya.

"Auta!"

Ya saki.

Ya faɗa kan teburin, ya danne maɓallan biyu. Hoton ya girgiza. Wani baƙin layi ya buɗe a ƙasan gilashin, ɗan haske na ƙiftawa a cikinsa.

Taku huɗu.

Ya kira agogon. Ƙarfe nawa ne? Bai sani ba. Babu agogon da zai tambaya. Ya rubuta bakwai da rabi na yamma. Yatsansa ya zame, ya haɗa da wani harafi. Na'urar ta ce ba ta gane ba.

Taku biyu. Takun da ke cikin ɗakunan ya tsaya. Wani abu ya tsaya a bayan kujerarsa. Yana jin numfashinsa a ƙeya, mai sanyi, mai warin toka.

Bai waiwaya ba.

Ya ji ƙarar sakata.

Ya sake rubutawa, lamba ɗaya, lamba ɗaya.

"Yauwa, Inna," aka ce daga bakin ƙofa. "Miƙo hannun."

Ya danna.

Duhu ya rufto. Ƙofar kicin ta buga, ta banɗaki ta buga, ta ɗakin kwana ta buga, har hoton bango ya faɗo ya fashe. Gilashin ya yi wani ɗan ƙara, ya tattare ya zama ɗigo, ya mutu.

Sai ga hon ɗin mota daga titi. Ga keken ɗinkin tela. Ga maƙwabciya tana yi wa 'ya'yanta faɗa. Fitilar falon ta dawo da kanta.

Inna tana durƙushe a bakin ƙofa. Ƙofar a buɗe take kamar faɗin tafin hannu, hannunta na dama yana waje har zuwa gwiwar hannu. Auta ya rarrafa ya jawo ta, ya tura ƙofar da kafaɗa, ya sa sakata. A waje babu komai sai matakala da ƙwan fitila mai ruwan ɗorawa. Tana numfashi. Hannun nan kuwa ƙanƙara, ya yi ta murza shi har matarsa ta dawo bai yi ɗumi ba. Inna kuwa ko kallonsa ba ta yi ba.

Kafin su fita asibiti ya kakkarya faifan uku da filaya, ya ƙone su a cikin tsohon kwano. Kwamfutar ya farfasa ta da guduma.

Aikin ya yi kyau. Likitan da kansa ya fito yana murmushi, ya ce tsohuwar nan tana da sauran kwana. Kwana biyu bayan nan ta buɗe ido sosai. Ta gane surukarta, ta gane maƙwabtan da suka zo dubiya, har ta tsokani mai kawo magani. Da Auta ya matso ya ce, "Sannu Inna, ya jikin?" sai fuskarta ta washe.

"Babba," ta ce. "Ashe ka shigo."

"Inna, ni ne. Auta ne."

Ta girgiza kai tana murmushi, irin na wadda ake yi wa wasa. Likita ya ce hakan na faruwa bayan babban aiki, a ba ta lokaci. An ba ta. Wata takwas ke nan, tana cin abincinta, tana sallarta, tana tuna abin da ya faru shekara hamsin da suka wuce da wanda ya faru jiya. Mutum ɗaya ne kawai ba ta gani a gidan.

Matarsa ma ta taɓa ce masa, in ya yi sallama daga bakin ƙofa, sai ta ji gabanta ya faɗi kafin ta ga fuskarsa, don muryar ba ta yi mata kama da wadda ta sani ba. Ya ce mata mura ce. Amma ranar da ya aika wa wani abokin ciniki saƙon murya, ya kuskura ya saurara, ya ji muryar da ke cikin faifan nan, bai ƙara aika wani ba. A shago kuma har yau in aka kawo masa aikin da sai an mayar da agogo baya, yakan ce a kai gaba.

Ya gaji da gyara mata, yanzu in ta ce Babba sai ya amsa. Abin yana ci masa rai, ba ya kuma gaya wa kowa.

Ran nan da hantsi yana yanke mata farce a baranda, sai ta kama hannunsa ta riƙe gam. Ta leƙa hagu, ta leƙa dama, ta rage murya.

"Babba, in ka ga ƙanenka, ka ce masa na yafe masa."

"To, Inna."

"Amma kada ka bar ni da shi, ka ji? Na roƙe shi da Allah, ya ɓamɓare min yatsu."

Auta ya sunkuyar da kai, ya ce ba zai bar ta da shi ba, ya ci gaba da yanke mata farcen.